Yadda Za Ka Gano Tushen Girgizar Inji a Gida Ka Kuma Magance Ta

Tambayoyin da ake yawan aiko mini kan kayan gida kusan iri ɗaya ne, ko da injin ya bambanta. Wani ya ce fankar silin ɗinsa tana rawa kamar za ta tsinko. Wata ta ce injin wankinta da ya zo matse kaya sai ya bar inda aka ajiye shi ya kama tafiya. Wani kuma janareta ne ko injin jan ruwa: yana can waje, amma gurnaninsa har cikin gado ake ji. Kusan kowa kuma da tambaya ɗaya yake rufewa: "Wace irin roba zan saya in sa masa a ƙasa?"

Roba tana da ranarta, amma kusan a ƙarshen layi take. Kowace girgizar inji tana da inda take fitowa, da hanyar da take bi ta iso gare ka, da kuma abin da ke ƙara mata ƙarfi a kan hanya. Wanda ya fara da roba hanya kawai ya toshe, ya bar ciwon yana cin injin ta ciki. Saboda haka a bi matakan nan yadda na jera su. Biyar na farko kusan ba sa cin kuɗi, kuma a iya abin da na gani, yawancin matsalolin a cikinsu suke ƙarewa.

Kayan da za ka tanada

Sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana, lebur irin na magina, tef ɗin awo, tocila, alli ko biro mai kauri, salatif mai ƙarfi, abin maƙale shanya guda ɗaya, ƙananan wosha uku ko huɗu, kofin gilashi, da wayarka. Idan aikin fanka ne, ka nemi tsani mai ƙafa huɗu da wanda zai riƙe maka shi.

Mataki na 1: Ka lura kafin ka taɓa

Kunna injin ka koma gefe. Abu uku kake son sani. Yaushe girgizar ta fara: tun ranar da aka kafa shi, ko bayan an matsar da shi, ko a hankali ta taso cikin watanni? Wadda ta zo tun ranar farko yawanci laifin kafi ne. Wadda ta taso sannu a hankali datti ne, ko noti ya kwance, ko wani sashe ya cinye.

Na biyu, yaya take tafiya da sauri? Idan injin yana da lambobin gudu, bi su ɗaya bayan ɗaya. Girgizar da ke ƙaruwa duk lokacin da gudu ya ƙaru tana nuna nauyi ya karkata gefe ɗaya. Wadda ta yi tsanani a lamba biyu amma ta lafa a lamba uku wani abu ne daban, za mu je kansa a mataki na 9.

Na uku shi ne gwajin da na fi so, domin a daƙiƙa biyar yake raba gardama. Injin yana cikin gudu, ka yanke masa wuta ka kasa kunne. Idan gurnanin ya ɗauke nan take alhali injin bai gama juyawa ba, daga ɓangaren lantarki yake: kafasita, nadin waya, ko na'urar rage gudu. Idan kuwa ya riƙa raguwa tare da juyin, matsalar ta ƙarfe ce. In ka ga yana cikin lafawa sai ya yi wata jijjiga mai ƙarfi a wani gudu kafin ya tsaya, ka riƙe wannan a ranka.

Gargaɗi: duk lokacin da za ka matsa kusa da inji mai juyawa, ka naɗe hannun riga, ka kawar da duk wani abu mai reto a jikinka. Bel da fanka ba sa jira.

Mataki na 2: Ka san sau nawa yake bugawa

Ana auna girgiza da yawan kai-komonta a daƙiƙa ɗaya. Sunan ma'aunin Hertz, ana rubuta shi Hz. Lissafin da kake buƙata guda ɗaya ne: duba farantin da ke jikin injin, ka ga juyi nawa yake yi a minti, ka raba da 60. Injin wanki mai matsa a juyi 1200 yana bugu 20 a daƙiƙa, wato 20 Hz. Ƙaramin janareta mai ba da wutar 50 Hz yana juyi 3000 a minti, wato 50 Hz. A ƙasashen da wutarsu 60 Hz ce, juyi 3600 yake yi. Injin jan ruwa na gida yakan yi wajen 2850. Fankar silin a iyakar gudunta takan kai wajen juyi 300, bugu biyar ke nan a daƙiƙa, shi ya sa ido ke ganin rawarta amma kunne ba ya jin ta a matsayin sauti. Kunnen ɗan Adam daga wajen 20 Hz yake fara ji.

Wayarka tana da na'urar jin motsi a ciki, irin wadda ke juya hoto idan ka kifa wayar. Akwai manhajar kyauta mai suna phyphox, wadda jami'ar RWTH ta birnin Aachen a Jamus ta yi, tana iya nuna maka a wace lamba girgizar ta fi ƙarfi. Ka ɗora wayar a kan jikin injin inda ba ya juyawa, ka manne ta da salatif don kada ta riƙa tsalle da kanta, ka bar ta daƙiƙa goma.

Ga yadda ake karanta abin da ta nuna. Idan tsinin zanen da ta nuna, wato inda layin ya fi tashi sama, ya tsaya daidai kan lambar juyin injin, zargi na farko karkatar nauyi. Idan akwai babban tsini a ninki biyu na lambar, sau da yawa sandar mota (motar lantarkin da ke cikin injin) da sandar abin da take juyawa ba su miƙe a layi ɗaya ba. Idan tsinaye sun jeru da yawa, ninki biyu, uku, huɗu, to akwai abin da ya yi sako-sako yana bugun ɗan'uwansa. Gurnanin lantarki kuwa a ninki biyu na wutar gari yake fitowa, wato 100 Hz inda wuta take 50.

A kula: waya ba ta ganin girgiza mai sauri ƙwarai. Abin da take iya nunawa bai wuce rabin yawan awon da take ɗauka a daƙiƙa ba, don haka ƙarar boris (zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa) da ya lalace ba lallai ta bayyana ba. Wanda ba ya son manhaja, kofin gilashi da ruwa rabi ya ishe shi kwatance. Ɗora shi a kan injin, sannan a ƙasa kusa da shi, sannan a ɗakin da ake jin damuwar. Inda fuskar ruwan ta fi yin zobe-zobe, nan girgizar ta fi yawa. Ka ɗauki hoton abin da ka gani, za ka buƙace shi a ƙarshe.

Mataki na 3: Ɗaure duk abin da ya kwance

Cire fulogi daga soket. Idan fankar silin ce, makunnin bango bai isa ba, ka kashe daga babban akwatin wuta.

Sai ka bi noti da sukuru ɗaya bayan ɗaya. A fanka: sukurorin da suka haɗa fiffike da ƙarfensa, waɗanda suka haɗa ƙarfen da mota, bolti da filin da ke riƙe sandar rataya sama da ƙasa, da ƙugiyar silin kanta. A janareta: murfi, tanki, salansa, da notin da suka ɗaure injin a kan firam. A firij: farantin ruwan da ke zaune a kan kwamfiresa ta baya, wanda shi kaɗai yakan cika ɗaki da kakkarwa. Dabara mai sauƙi ita ce ka kunna injin ka riƙa danna murfi da faifan jikinsa da tafin hannu. Inda ka danna ƙarar ta mutu, nan ne.

Gargaɗi: idan ƙugiyar silin ce take motsi a cikin kankare ko katako, ka tsaya nan. Kada a sake kunna fankar sai an gyara mazauninta. Rawar fiffike abin haushi ne kawai, amma ƙugiya mai motsi haɗari ce ga duk wanda ke ƙasa.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ɗaure noti har a murƙushe robar da ke ƙarƙashinsa. Inda ka ga roba tsakanin ƙarfe biyu, da gangan aka sa ta. Ka ɗaure har ta kama, kada ta baje.

Mataki na 4: Ka zaunar da shi daram

Kafin komai, idan injin wanki ne mai ƙofa a gaba kuma sabo, leƙa bayansa. Masana'anta suna ɗaure gangar da ake zuba kaya a cikinta da manyan bolti uku ko huɗu don kada ta yi ta dukan jiki a hanya. Dole a cire su kafin wanki na farko. Na taɓa tsayawa a kan wani inji da mai kafawa ya manta da su. Da ya shiga matsa, sai da ya ja tiyon ruwansa ya miƙe tsaf, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana dukan ƙasa, masu gidan kuma har sun yanke cewa jabu aka sayar musu. Minti biyar da sifana aka yi, ya koma shiru. Ka adana boltin, ranar ƙaura za ka mayar da su.

Daga nan ka ɗora lebur a saman injin, daga hagu zuwa dama, sannan daga gaba zuwa baya. Amma kumfar lebur ba ita ce ƙarshen magana ba. Abin da ya fi muhimmanci ƙafafu huɗun su ɗauki nauyi daidai. Sa hannu a kusurwar gaba ta dama da kusurwar baya ta hagu ka jijjiga, sannan ka sauya kusurwa. Idan ya yi ɗingishi ko kaɗan, ƙafa ɗaya tana reto. Juya ta har ta taka, sannan ka ɗaure notin kulle da ke samanta ya manne da jikin injin. Mutane da yawa suna daidaita ƙafa su bar wannan notin, bayan wanki goma ƙafar ta sake kwancewa.

Kada ka cusa kwali ko tsumma a ƙarƙashin ƙafa. Kwali yana shan ruwa ya lotse. Ka kuma bar ƙafafun a gajarce iyakar yadda zai yiwu, domin doguwar ƙafa lanƙwasa take yi.

Mataki na 5: Daidaita nauyin abin da ke juyawa

A nan ne mafi yawan girgiza take haihuwa, kuma yana da kyau ka ga girman abin da lamba. Duk nauyin da ya taru gefe ɗaya a abu mai juyawa yana fizgar sandar zuwa waje, kuma fizgar tana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. In ka ninka gudu biyu, fizga ta ninka huɗu. Ɗauki tawul jiƙaƙƙe da ya dunƙule gefe ɗaya, ya fi ɗaya gefen nauyi da rabin kilo, a ganga mai nisan santimita 25 daga tsakiya. A juyi 1200, fizgarsa ta kai kimanin nauyin kilo 200, tana zagayawa sau 20 a daƙiƙa. A juyi 800 ta sauko wajen kilo 90. A 600 ta koma kilo 50. Rabin kilo ne fa.

Injin wanki. Kada ka wanke babban abu guda shi kaɗai, kamar bargo ko abin shimfiɗar ƙafa. Ka haɗa shi da tawul biyu ko uku don su rarrabu a jikin ganga. Zanen gado a warware shi kafin a saka, rigar bargo a rufe bakinta don kada ta haɗiye ƙananan kaya ta zama dunƙule. Kaya masu nauyi a rage musu gudun matsa. Don ka tabbatar, kunna matsa ba kaya a ciki. In ya yi lafiya lau, injin ba shi da laifi, lodi ne.

Fankar silin tana son haƙuri, kuma tsarin yana da muhimmanci.

Fara da goge fikafikan sama da ƙasa. Ƙurar da ta daskare ba ta taruwa daidai a kowane fiffike, kuma giram kaɗan a bakin fiffike ya isa ya sa rawa. Ka lamba su da alli: 1, 2, 3.

Sai awo. Zaɓi wuri ɗaya a silin ka yi masa alama, ka auna daga nan zuwa bakin fiffike na 1. Juya fankar da hannu har na 2 ya zo daidai wurin, ka auna, haka na 3. Kada ka matsar da tef ɗin, fankar ce za ta zo ta same shi. Idan bambancin ya wuce milimita 3, fiffiken da ya fita daban ya karkace. Sau da yawa sassauta sukurorinsa a sake zaunar da shi yana gyarawa, ko a sa siririyar wosha tsakanin fiffike da ƙarfensa. Kada ka kama bakin fiffike ka lanƙwasa da ƙarfi. Za ka canza kwanciyar da yake yankar iska da ita, ka gyara tsawo ka ɓata wani abin.

In tsawo ya daidaita amma rawa tana nan, saura nauyi. Maƙala abin shanya a gefen baya na fiffike na 1, wajen tsakiyar tsawonsa. Sauka daga tsani, kunna a gudun da rawar ta fi yawa, ka kalli ƙasan motar. Kashe, ka jira ta tsaya cak, ka mayar da shi na 2, sannan na 3. A ɗaya daga ciki rawar za ta ragu. Wannan fiffiken ne mara nauyi. Yanzu a kansa za ka riƙa matsar da abin shanyar, ɗan taƙi zuwa waje, ɗan taƙi zuwa ciki, kana gwadawa, har ka sami inda fankar ta fi natsuwa. Cire shi, ka manna wosha mai kusan nauyinsa a saman fiffiken, a tsakiyar faɗinsa, daidai wannan nisan. Wani lokaci sai an ƙara rabin wannan nauyin a fiffiken da ke kusa. Aikin yakan ci minti talatin zuwa arba'in, yawancinsu hawa da sauka.

Gargaɗi: abin shanya yana iya fizgewa ya tashi. Kowa ya fita daga ɗakin, kai ma ka tsaya a bakin ƙofa. Woshar ma a goge wurin da kyau kafin a manna ta, a kuma rufe ta da salatif mai ƙarfi.

Abu ɗaya da ake mantawa: fikafikan fanka a masana'anta ake auna su a haɗa su saiti. In aka kafa fanka biyu rana ɗaya aka cakuɗa fikafikansu, duka biyun za su yi rawa. Ma'aunin kicin zai nuna maka wanda ya fita daban.

Mataki na 6: Nemi sashen da ya cinye

Daga nan ne kuɗi ke fara fita, don haka ka tabbatar kafin ka saya.

A injin wanki, bayan ka cire fulogi, danna gangar ƙasa da hannu ka saki. Mai lafiya za ta dawo ta tsaya. In ta yi ta lilo sau uku ko huɗu, sandunan tsotse girgiza da ke ƙarƙashinta sun mutu. Ana canza su duka tare, ba ɗaya ba, kuma suna cikin sassa masu sauƙin kuɗi. Buɗe murfin sama ka duba sifirin ɗin da gangar ke rataye da su, da tubalin kankaren da aka ɗaure mata don nauyi. Notinsa yakan kwance, ya riƙa bugu kamar guduma. Sannan juya gangar da hannu. In kana jin gurnani kamar ana mirgina dutse, ko ka ɗaga bakinta ka ji tana wasa ita kaɗai ba tare da bahon da ke kewaye da ita ba, boris ne. Wannan shi ne gyara mafi tsada. A injuna da yawa na yanzu bahon a like yake, ba a buɗe shi, sai dai a canza gaba ɗaya, don haka ka nemi a faɗa maka jimillar kuɗin ka gwada da na sabon inji kafin ka amince.

A mota ko injin ruwa, doguwar sukudireba tana aikin abin sauraren likita. Ɗora bakinta a jikin injin kusa da mazaunin boris, ka kanga kunne a mariƙin. Lafiyayyen boris shuu yake yi sumul. Wanda ya lalace ƙara-ƙara yake, kuma wurin yakan fi sauran jiki zafi.

Injin ruwa yana da wata ƙara da ke ruɗin mutane, kamar an zuba masa tsakuwa. Sau da yawa ba boris ba ne, ruwa ne ba ya isa gare shi yadda ya kamata, sai kumfa ta riƙa tasowa tana fashewa a jikin fankar ciki. Duba matatar bakin bututu, da bawul ɗin ƙasa, da ko bututun shiga ya yi ƙanƙanta ko ya yi tsawo. In aka bar shi haka, fankar ce za ta rarake.

Mataki na 7: Yanzu ne lokacin roba

Ko lafiyayyen inji yana da ragowar girgiza, musamman janareta mai silinda ɗaya. Aikin roba ko sifirin shi ne hana wannan ragowar shiga ƙasa da bango. Sai dai ba kowace roba ce ke yi ba, wata ma ƙara abin take.

Dalili shi ne, inji da ke zaune a kan roba yana da nasa saurin lilo. Robar ba ta fara rage komai ba sai bugun injin ya fi wannan lilon da kusan ninki ɗaya da rabi. In suka zo daidai da juna, girgizar haɓaka take. Abin da ake nema shi ne bugun injin ya ninka lilon sau uku, a nan ne kusan kashi ɗaya cikin takwas kawai ke ratsawa.

Yaya za ka san saurin lilon ba tare da na'ura ba? Da yawan lotsewar robar idan injin ya hau kanta. Lotsewar milimita 1 tana ba da lilon wajen 16 Hz. Milimita 4 tana ba da wajen 8 Hz. Milimita 10 tana ba da 5 Hz. Injin ruwa mai juyi 2850 yana bugu kusan 48 Hz, don haka milimita 1 zuwa 2 ta wadatar. Janareta mai silinda ɗaya kuwa, irin wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, ko da yake juyi 3000 yake yi, sau ɗaya yake tashin wuta a kowane juyi biyu, don haka yana da bugu a 25 Hz. Shi sai wajen milimita 4. Ka ɗan ƙara a kan lissafin, domin roba takan fi tauri idan ana girgiza ta fiye da idan an danne ta kawai.

Auna kaurin robar kafin ka ɗora injin da bayan ka ɗora. In ba ta lotsa ba sam, ta yi tauri ko ta yi faɗi. Wannan ne kuskuren da na fi gani: a shimfiɗa babban faifan roba a ƙarƙashin injin gaba ɗaya. Nauyin ya bazu, robar ba ta ji komai ba, ta zama kamar katako. Ƙananan guntaye huɗu a ƙarƙashin ƙafafu sun fi babban faifai aiki nesa ba kusa ba. In kuma ta baje har ta ƙare, ta yi laushi da yawa, ita ma ba ta aiki.

Dabarar da ta fi kowace a wurina ita ce a ɗaure injin a kan faifan kankare mai nauyi, a sa robar a ƙarƙashin faifan. Nauyin yana rage tsallen injin, yana kuma danne robar yadda ake so.

Injin wanki shi ne banda. Yana da sifirin da sandunansa a ciki, kuma yana bi ta kowane gudu daga sifili har zuwa sama. In ka ɗora shi a kan abu mai laushi, rawa zai ƙara. Siririyar roba mai tauri wadda za ta hana shi zamewa ta isa.

Gargaɗi: kada neman shiru ya sa ka shigar da janareta ɗaki, ko baranda a rufe, ko ka kifa masa akwati mara mafitar iska. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane cikin barci. A waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da gida. Robar da za ka sa masa kuma ta zama mai jure mai, domin fetur da baƙin mai suna narkar da roba ta gama-gari.

Mataki na 8: Yanke sauran hanyoyin

Ka sa roba mai kyau amma har yanzu bango yana gurnani? Nemi gadar da girgizar ke bi ta tsallake. Bolti da ya ratsa robar ya ɗaure ƙafar inji kai tsaye da ƙasa ya kashe aikinta, sai an sa masa roba a ƙarƙashin kansa da kewayen jikinsa. Bututun ƙarfe ko na roba mai tauri da ya fito daga injin ruwa ya shige bango yana kai ƙarar kowane ɗaki. A sa guntun tiyo mai lanƙwasa a mashiga da mafita, a kuma naɗa roba a cikin maƙalan da suka riƙe bututun. Firij da injin wanki a ba su tazarar 'yan santimita daga bango da kabad. A bayan firij, in siraran bututu biyu suna taɓa juna, a raba su da ɗan guntun soso. Kada a lanƙwasa su da ƙarfi, in suka tsage gas ya tafi.

Mataki na 9: Idan wani abu ne yake amsawa

Ka tuna jijjigar nan da ke zuwa a gudu ɗaya kawai? Kowane abu, tebur ne, taga ce, ko daɓen katako, yana da saurin da yake son yin lilo a kansa. In bugun inji ya dace da wannan saurin, ƙaramin turi sai ya taru ya zama babba, kamar yadda yaro ke tura lilo da ɗan yatsa in ya san lokacin turawa. Masana suna kiran abin rezonans. Ba ƙananan kaya kaɗai yake kamawa ba. Gadar masu tafiya a ƙafa ta Millennium a Landan, da aka buɗe a watan Yunin 2000, kwana biyu ta yi aka rufe ta saboda takun mutane ya dace da lilonta, sai da aka ɗaura mata na'urorin tsotse girgiza aka sake buɗewa a 2002.

Alamarsa a gida ita ce abin da ke nesa ya fi injin kansa rawa. Ƙwanƙwasa abin da dunƙulen hannu injin yana kashe, wayarka tana kai. In lambar da ta fito ta yi kusa da ta injin, ka kama shi. Magani ɗaya ne daga huɗu. Canza gudun injin, in yana da lambobi. Ƙara wa abin tauri, kamar sa wa teburin inji sanda a gicciye, wanda ke ɗaga saurin lilonsa. Ƙara masa nauyi, wanda ke saukar da shi. Ko ka manna masa abin da ke shanye motsi, kamar faifan roba mai kwalta a jikin murfin ƙarfe mai kuka. Kada ka ƙara tauri da nauyi lokaci ɗaya ba tare da gwaji ba, ɗaya yana iya soke ɗaya ka dawo inda ka fara.

Injin wanki a kan daɓen katako ko a bene mara kauri, matsar da shi kusurwa kusa da bango, inda daɓen ya fi tauri. In bai isa ba, a ɗaure faifan katako mai kauri a kan ginshiƙan daɓen, a ɗora injin a kai.

Mataki na 10: Sake awo, ka yi alama

Mayar da wayar ko kofin ruwan daidai wuraren da ka sa su a mataki na 2, a gudu iri ɗaya, ka gwada da hoton farko. In ka canza abu biyu ko uku a tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba, shi ya sa ya fi kyau a gwada bayan kowane gyara.

Akwai inda ba a ci gaba da gwaji: in ka ji ƙaurin waya, in ka ga tsaga a fiffike ko a firam, in sandar inji ta lanƙwashe, ko girgizar ta taso farat ɗaya da ƙarar ƙarfe. A kashe, a kira mai gyara, a kuma faɗa masa abin da ka riga ka gani: a wane gudu take zuwa, wace lamba ta fito, da yadda ta yi lokacin da ka yanke wuta. Wannan bayanin yana rage masa lalube, kai kuma yana rage maka sayen sassan da ba su lalace ba.

In komai ya natsu, ɗauki biro mai kauri ko ɗan fenti ka ja layi ɗaya daga kan kowane muhimmin noti zuwa jikin ƙarfen da yake zaune a kai. Bayan mako guda ka haska tocila ka duba, sannan duk bayan wata uku. Notin da layinsa ya rabu biyu ya fara kwancewa; ka sake ɗaure shi, wannan karon da wosha mai sifirin ko noti mai roba a ciki.